Gaisuwar da Ta Ƙara Mini Shekara Saba'in da Tara

Ni ce Saude mai faifai, ta Tsafe, kuma shekarata sittin da uku. Na fara da wannan ne don akwai takardar da ta ce ɗari da arba'in da biyu, tana nan cikin kwallata, mai son gani ya zo ya gani. Ban yi boko ba, amma na san lissafina. Azumina na farko na yi shi shekarar da aka bar fam aka koma naira, autana kuma yana bayana a goye aka ba mu jiha. Wanda ya iya ƙirga ya ƙirga.

Ido ne ya kai ni hannun mutanen nan. Yanar ido ta rufe mini na dama ruf, ta fara lallaɓowa na hagu. Mai saƙar faifai kuwa da idonta take ci. Ranar da na san abin ya yi nisa, wata mata ce daga Bilbis ta ba ni aiki, ta ce ja da kore take so. Na zauna kwana huɗu na saƙa mata. Da ta zo karɓa ta juya faifan, ta sake juyawa, ta ce, "Inna, wanga ai shuɗi ne da ruwan ƙasa." Na ce ƙarya take yi. Aka kira maƙwabta, suka duba, suka yi ta kame-kame. Tun daga kame-kamen na gane. Na naɗe kabata na cusa ƙarƙashin gado, ban sake taɓa ta ba.

Bayan wata biyu mai shela ya zagaya: wata ƙungiya ta kawo likitocin ido Gusau, aiki kyauta, mai so ya je a rubuta sunansa a nan Tsafe ranar Litinin. Tun da hantsi ina layi. Wata nas ta haska mini tocila a ido, ta ce yana ce, kuma irin wadda ake cirewa. Daga nan aka tura ni wurin mai rubuta suna.

Mutum ne zaune bayan tebur da kwamfuta a gabansa. Fuskarsa ban gan ta ba, sai farin hula. A hannunsa na dama akwai wani abu kamar gutsuren sabulu mai wutsiya, linzami suke ce masa, shi yake turawa a kan tebur yana dannawa. Ya tambayi suna, na faɗa. Ya tambayi gari, na faɗa.

"Shekaru nawa, Inna?"

"Sittin da uku."

Ya danna ya riƙe. Kwamfutar ta fara wani ɗan kuka, kit, kit, kit, kamar gyare a bayan randa. Shi kuma yana bin ta ƙasa-ƙasa: "Sittin, sittin da ɗaya, sittin da biyu..." A nan ne muryar ta faɗo mini. Wannan jan maganar ta hanci, gida ɗaya na san ana yin ta a Bungudu, garin da aka haife ni.

Na ce, "Kai, tsaya. Ba Mannir ba ne, na Lantana?"

Lantana ƙawata ce tun muna ɗaukar ruwa a gulbi. Mannir kuwa ni na yi masa wankan farko, ga shi yanzu magidanci har da iyali. Yana jin sunan uwarsa ya fizge hannunsa daga kan tebur ya ɗora a ƙirji, ya zame daga kujera ya durƙusa.

"Inna Saude! Wallahi ban gane ki ba. Ina kwana?"

"Lahiya lau. Ina Lantana? Ya gwiwar tata?"

Muka shiga. Na tambayi gwiwar Lantana, na tambayi matarsa, na tambayi ɗiyansa ɗaya bayan ɗaya, na yi masa ta'aziyyar kawunsa da ban samu zuwa ba, ya tambayi nawa mutanen, muka taɓa damina. Ba zan ce mun gajarta ba. Wanda aka haifa a gidan mutunci ba ya gaisuwar tsaye.

Duk tsawon gaisuwar nan gyaren bai yi shiru ba. Na ji shi da kunnena, don tun da ido ya ja baya kunnen ya ƙara kaifi. Kit, kit, kit. Na ɗauka haka kukanta yake, kamar yadda firji ke nasa. Da muka gama Mannir ya miƙe, idonsa yana kaina yana dariya, ya kai yatsa ya buga wani wuri, gyaren ya yi tsit, 'yar takarda ta fito. Na ƙulle ta a bakin zane na yi gida.

Ranar Talata ta sama aka kawo mota a kwashe mu zuwa Gusau. Na yi wanka, na ɗaura zanen Sallah, na ƙulla kayan kwana biyu. Wani malami ya tsaya da takarda yana kiran suna. Aka kira na gabana, aka kira na bayana, aka kira har wata da ta zo a makare ranar rubutu. Mota ta cika. Ni ina tsaye da ƙunshina.

Na ce, "Malam, ka tsallake Saude."

Ya karɓi 'yar takardata, ya duba, ya ɗago ya dube ni, ya sake dubawa.

"Inna, ai ke ba a yi miki aiki a nan. Duk wanda ya wuce casa'in sai babban asibiti, sai an yi masa gwaje-gwaje."

"Wa ya wuce casa'in?"

"Ke mana. Ga shi nan, ɗari da arba'in da biyu."

Da ƙarfi ya faɗa, gaban mutanen Tsafe. Mota ta ɗauki dariya. Wata daga taga ta ce, "Inna, ki ba mu labarin zuwan Turawa mana!" Na ce mata ta tambayi kakarta, tare suka yi talla. Amma me? Mota ta tashi da su, ni na koma gida da zanen Sallah. Kafin ya tafi malamin ya ce likitocin ranar Juma'a za su wuce, kuma ba su dawowa sai baɗi, in Allah ya kai mu. Idona na hagu ba zai kai baɗi ba. Ni na san shi.

Laraba da sassafe ina tasha. Muka wuce dutsen Kwatarkwashi, wanda na sani tun ina amarya, na leƙa ban ga komai ba sai wani abu kamar hayaƙi. Wannan ya ƙara tunzura ni. A Gusau na yi ta tambaya har aka kai ni ofishin ƙungiyar a Tudun Wada. Na ce a nuna mini mai kwamfuta. Aka ce wanne? Na ce babbansu, wanda ya koya mata ƙarya.

Ashe mace ce. Malama Suwaiba, ba za ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba, da tabarau, tana shan shayi. Aka ce ita ta tsara duk abin da kwamfutar ke yi, tun daga rubuta suna har zuwa tace waɗanda za a yi wa aiki.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je Makka ba. Da ƙara shekaru da ƙara Hajiya, duk aikinku ne a ofishin ga? Dube ni da kyau. Na yi miki kama da mai ɗari da arba'in da biyu?"

Ta ajiye kofi. "A'a, Inna."

"To gyara."

Ba ta yi mini rashin kunya ba, zan faɗi gaskiyarta. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, sannan ta hana ni abin da na zo nema. Ta ce an rufe rubutu, kuma shugabansu Alhaji Shu'aibu ya kafa doka ba a taɓa shekarun kowa bayan an rufe. Wai in aka buɗe ƙofar, duk wanda aka tace zai dawo ya ce shi yaro ne, a yi wa mai rauni aiki a samu matsala.

"Kuma Inna, kada ki ji haushi, tsofaffinmu sukan faɗi abin da suka ga dama. Akwai wanda ya ce mana ɗari da talatin. Abin da aka faɗa shi ake rubutawa."

"Sittin da uku na faɗa. Abarki ce ta ci gaba da kuka."

"Kuka?"

"Kit, kit, kit. Yaron ya daina, ita ba ta daina ba."

Ta juyo da kwamfutar wajena, kamar zan gani. Ta ce akwai ɗan maɓalli a jikin gilashin, in ka tura linzami ka kai 'yar kibiyar da ke yawo a gilashin kansa, ka danna ka riƙe, yana ƙara shekara ɗaya-ɗaya, kowane kit shekara guda. Ta yi shi haka ne don da can masu rubutu kan juya lamba, su buga talatin da shida a wurin sittin da uku. Ta danna, gyare ya tashi. Ta saki, ya yi shiru. Ta sake, ya sake. Sau biyar.

"Kin ji? Ana ɗaga yatsa yake tsayawa. Ba ya ƙara ko ɗaya da kansa."

"A gabanki ne yake ladabi."

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "In na nuna miki ita ta yi, za ki gyara?"

"In laifin na'ura ne, ni da kaina zan kai wa Alhaji maganar."

"Riƙe wagga magana da kyau. Gobe ina nan, kuma ba ni kaɗai ba."

Daga nan ban koma Tsafe ba, motar Bungudu na shiga tun rana na sama, don ba mai son yamma ta riske shi a hanya. Na sauka gidan Lantana. Muka yi gaisuwa, muka yi kukan waɗanda suka rasu, sannan na ce ta kira mini ɗanta. Mannir ya zo ya durƙusa. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya yi salati.

"Inna, na rantse a kan sittin da uku na tsaya. Da idona na gani."

"To wa ya ƙara saba'in da tara? Aljani?"

Sai ga sallama daga zaure, da wata tsohuwar murya kamar ana jan buhu a ƙasa. Labbo ne, taubashina, ɗan kawuna. Ya girme ni da shekara bakwai, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da an ja wa juna magana ba. Shi ma yanar ido ta kama shi, da sanda yake lalube.

"An ce tsohuwar Tsafe ta zo. Saude, har yanzu ba ki mutu ba?"

"Ina jiran in ga bayanka. Mi ya hana ka zuwa Gusau a buɗe maka ido, ko tsoron allura?"

"Sun ce na tsufa." Ya zaro takarda daga aljihu. "Wai ɗari da talatin da ɗaya."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Labbo, durƙusa ka gaishe ni. Hukuma ta tabbatar na girme ka da sha ɗaya."

"Dama fuskarki ta daɗe da faɗa, ba mu dai da shaida ne."

Lantana tana dariya har da riƙe gwiwa. Ni kuwa na juya kan Mannir, don shi ya rubuta na Bungudu ma. Na ce ya tuna mini abin da ya faru lokacin da Labbo ke zaune gabansa. Ya ce babu komai, sai dai liman ya leƙo ana cikin rubutun, ya tashi ya gaishe shi.

"Kun daɗe?"

"Kin san liman."

Na tafa hannu. "Gaisuwa ce! Abar nan ba ta son gaisuwa. Duk wanda aka yi gaisuwa a kansa sai ta ɗora masa shekaru."

Mannir ya ce, "Haba Inna, kwamfuta ba ta jin magana. Ba ta da kunne."

"Kai ma ba ka da shi, da ka ji ta tana kuka. Gobe ka ɗauko ta, Gusau za mu."

Alhamis da hantsi muna ofishin Suwaiba mu uku, ni da Mannir da Labbo, wanda ya taka mini ƙafa sau biyu a mota ya ce bai gani ba. Na ce da ita a yi abin yadda aka yi shi ranar. Mannir ya zauna bayan tebur, na zauna gabansa. Ya tambayi shekaru, na faɗa. Ya danna, gyare ya tashi, ya kai sittin da uku, ya ɗaga yatsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Gyare ya yi shiru. Sannan ya juyo ya ce, "Ina kwana, Inna?"

Muka gaisa. Na tambayi gwiwar Lantana, wadda na baro awa biyu da suka wuce. Kwamfuta tsit.

Labbo ya ce, "Ƙila ba ta yarda da gaisuwar ba. Ni ma ban yarda da ita ba."

Muka sake. Na ƙara tsawo, na haɗa da kaji da awaki. Tsit. Zufa ta fara keto mini. Suwaiba ta duba agogo, ta ce da murya mai laushi, "Inna, kin gani. Wallahi na so a ce..."

"Sau ɗaya kuma."

"Inna..."

"Na ce sau ɗaya. Na biyo hanyar Tsafe da ta Bungudu, ba za ki ba ni sau ɗaya ba?"

Mannir ya sake dannawa. Kit, kit, kit. "Hamsin da tara, sittin, sittin da ɗaya..." Ni na riga na san ba abin da zai faru. Ina zaune ina tunanin kabata a ƙarƙashin gado, da wanda zan ba ita.

Sai aka turo ƙofa. "Salamu alaikum. Suwaiba, wai hayaniyar me nake ji tun daga waje?"

Babbar riga ce fara ta cika ƙofar, da ƙamshin turare. Alhaji Shu'aibu, shugaban. Mannir bai san ya shigo ginin ba. Na ji linzamin ya goga a kan tebur, ƙiii, hannu ya tafi ƙirji, kujera ta yi baya, mutum ya kai ƙasa.

"Ranka ya daɗe, barka da asuba. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Mannir. Ya mutanen Bungudu?"

Na daka tsawa. "Shiru! Kowa ya yi mini shiru!"

Alhaji ya tsaya da baki buɗe. Na tabbata tun da ya yi kuɗi ba a taɓa ce masa haka ba. Ɗaki ya yi tsit, sai abu ɗaya.

Kit. Kit. Kit. Kit.

Hannun Mannir biyu suna ƙirjinsa. Ba mai taɓa tebur.

Na ce, "Malama, wa ke danna ta yanzu?"

Suwaiba ta taso har kofinta ya kife. "Kada kowa ya taɓa! Saba'in da huɗu... saba'in da biyar... Innalillahi." Ta sunkuya tana kallon gilashin. "Mannir, ina kibiyar? Dubi inda take, can gefe. Ba ta kan maɓallin."

Labbo ya ce, "A bar ta ta kai ɗari biyu, mu ga ko Saude za ta ji a jikinta."

Alhaji ya ce wai me ke faruwa ne, wace ce wannan baiwar Allah? Na ce masa ni ce wadda ofishinsa ya mayar sa'ar kakar kakarsa, ya zauna zai ji. Ya kuwa zauna.

Suwaiba ta tsayar da abin, ta gwada da hannunta. Ta danna ta saki a wurin, ya tsaya. Ta danna ta ja linzamin gefe kafin ta saki, yadda hannun Mannir ya yi da zai tafi ƙirji, gyare ya ci gaba. Ta yi sau uku. Sannan ta cire tabarau ta dafe goshi.

Na ce, "Yi mini bayani da Hausa. Ni aka yi wa, ina da hakkin in sani."

Ta ce, "Inna, kin ga duk wannan fuskar da ake rubuta suna da gari a ciki? Taga muke ce mata, kuma ita ce uwa. Maɓallin nan ɗanta ne, a cikinta yake zaune. Shi ba ya rubuta komai. Aikinsa kawai, in an danna shi, ya riƙa ce wa uwar, ƙara ɗaya, ƙara ɗaya, ƙara ɗaya. Ita ke ƙarawa. Ba ya yin shiru sai ya ji an ɗaga yatsa."

"To ai an ɗaga."

"An ɗaga, amma ba a kansa ba. Shi abin da ya faru a kansa kaɗai yake ji. Da Mannir ya ja hannu, kibiyar ta sauka daga kansa kafin yatsa ya tashi. Labarin ɗaga yatsan sai ya faɗa hannun uwar."

"Tsaya. Uwar ta ji an ɗaga?"

"Ta ji."

"Ba ta gaya wa ɗan ba?"

"Ban koya mata ta gaya masa ba."

"Kuma yana ta ce mata ƙara, ƙara, tana ƙarawa, alhali ta san ba kowa a wurin?"

"Haka ne."

"Har ɗari da arba'in da biyu, ba ta ce kai yaro, wa ka taɓa gani da waɗannan shekaru ba?"

Ta ɗauki tabaraunta ta mayar.

Na ce, "To ɗan ba shi da laifi, aike aka yi masa. Uwar ce sakarya. Ni na haifi takwas. In na aiki ɗa ya ɗebo mini ruwa, randa ta cika, ni ke cewa ya isa. Ba na zama ina kallo har ɗaki ya zama gulbi don ba a koya mini ba."

Alhaji ya yi wata dariya da ya so ya mayar tari. Suwaiba ta ce, "Gaskiyarki, Inna. Ni da na gwada shi, a zaune na gwada, ni kaɗai a ɗaki. Ban taɓa kawo mai tashi gaisuwa a tsakiyar aiki ba."

"A Zamfara? Ke a ina aka raine ki?"

Mannir dai yana durƙushe har lokacin, ba wanda ya tuna ya ce ya tashi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne, da na duba kafin in..."

Na ce, "Da ka duba, gaskiya ne, kuma zan gaya wa Lantana. Amma kada wanda ya ce zai hana shi gaisuwa. A gyara abar ta iya zama da mutane."

Suwaiba ta ce gyaran ba shi da wuya. Za ta sa maɓallin ya riƙe linzamin gam daga lokacin da aka danna shi, ko ina kibiya ta tafi, har sai ya ji an saki. Uwar kuma in labari ya faɗo hannunta ta sanar da shi nan take, in lamba ta haura ɗari ta tsaya ta tambaya. Na ce wannan na ƙarshen ko jaririya ta san shi, amma ba komai, gara yanzu.

Sannan na juya kan babbar riga. "Alhaji, dokarka ta ce ba a gyara abin da mutum ya faɗa. Wanga ba ni na faɗa ba. Likitoci gobe za su tafi. Mi ka ce?"

Ya ce da Suwaiba ta fito masa da duk wanda ya haura casa'in. Ta taɓa nan ta taɓa can, ta ce mutum goma sha tara ne, kuma goma sha huɗu daga Bungudu.

Labbo ya ce, "To ai dole. A Bungudu wa Mannir zai gani bai durƙusa ba?"

Alhaji ya fita da waya a kunne. Muna jiyo shi a baranda yana ta "Don Allah, Dakta" da "Na sani, Dakta". Ya daɗe. Ni ina zaune ina jira. Da ya dawo ya ce likitocin sun yarda su ƙara yini ɗaya. Za a aika mota Bungudu da Tsafe a sake tambayar mutanen nan shekarunsu da baki. Mu biyu da ke nan kuwa, a wuce da mu yanzu.

Na ce, "Saura abu ɗaya. A gaban mutanen Tsafe aka karanta mini ɗari da arba'in da biyu. Malamin da ya karanta, shi zai koma wurin ya karanta sittin da uku, da irin muryar da ya yi ta farko."

Alhaji ya ce za a yi. An kuwa yi, maƙwabciyata ta ji da kunnenta.

Bayan azahar aka shiga da ni. Aikin bai kai daɗewar gaisuwata da Mannir sau goma ba. Aka rufe idon da auduga, aka kwantar da mu, maza can mata nan. Da safe nas ta zo ta zaunar da mu a benci ɗaya a baranda, ta fara ɓare filasta. Ta ce in buɗe a hankali.

Haske ya fara dukana, na runtse, na sake buɗewa. Abin da na fara gani gyalen nas ɗin ne. Na kama bakinsa na ce, "Ɗiyata, wanga ja ne da kore?"

Ta ce, "Ja da kore ne, Inna."

"Na sani. So nake in ji kin faɗa."

Na juya dama. Wani tsoho ne zaune kusa da ni, an ɓare masa nasa, yana ta ƙifta ido. Wuya duk jijiya, haƙori uku, gemu kamar an tsoma a gari. Rabon da in ga fuskar nan sosai shekara biyar ke nan. Shi ma ni yake kallo, ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi.

"Labbo, ashe haka ka koma? A kira Malama Suwaiba. Taka takardar kada a taɓa ta, daidai take."